'Yar Damagaram a Rumfar Baba

Har yau ban san sunanta na gaskiya ba. A gidanmu 'yar Damagaram muke ce mata, saboda daga can Baba ya zo da ita, a shekarun ƙarshe da yake tuƙa babbar mota tsakanin Maigatari da Damagaram. Ya ce a gidan mai masaukinsa ya gan ta, ta lulluɓe katanga tun daga ƙasa har sama, ya roƙi 'yan ƙwayoyinta aka ƙulle masa a leda. Inna ta tona gindin rumfar da ke ƙofar ɗakinsa ta zuba, ba don tana sa ran wani abu zai fito ba. A Gumel ba kasafai fure yake kai labari ba. In rana ba ta ƙone shi ba, akuya za ta gama da shi.

Wannan kuwa ta rayu. Shuka ce mai yaɗo, ganyenta ya yi kama da na dankali, sai dai ya fi kaushi. Tana da wasu siraran zaruruwa masu murɗewa da take kama duk abin da ta taɓa da su. Ta hau dirka, ta bi sandunan rumfar, kafin damina biyu ta rufe saman gaba ɗaya, har Inna ta cire tsohuwar zanar da ke kai. Furanninta ƙanana ne, ruwan hoda, gungu-gungu, ƙudan zuma na binsu tun da sassafe. In sun bushe sai ƙwayoyi su riƙa zubowa a kan tabarma.

Ina ajin ƙarshe a jami'a hawan jini ya kayar da Baba a tasha. Ya tashi da shanyewar ɓarin dama, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da a da ba ya mako guda a gida, sai ga shi duniyarsa ta koma wannan rumfa. Nan ake fito da shi da safe, nan yake karyawa, nan yake jin rediyo, nan ake zuba masa ruwan alwala, ruwan ya gangara gindin 'yar Damagaram. Ina jin shi ya sa ko da rani ba ta bushewa. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, "Kai, Alhaji, nan wurin naka kamar ba a garin nan ba." Baba ya ɗaga hannun hagu ya nuna sama, ya yi murmushin da rabin fuskarsa kawai ke yi.

Lokacin da na gama bautar ƙasa na dawo gida, ina ɗan koyarwa a wata makaranta a unguwarmu kafin Allah ya kawo aiki. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna da Baba ba sa kiran sunana. Inna "ke" take ce mini, Baba kuma Malama, tun ana yi da zolaya har ya bi ni. Sharar tsakar gida ta dawo hannuna. Kullum da safe nakan share ƙarƙashin rumfar kafin a shimfiɗa wa Baba, in kwashe busassun furanni da ganye da ƙwayoyin nan, in kai juji bayan turken awaki, inda ake zuba toka da kashin awaki da duk wata sharar gida. Haka kowa yake yi. Ban taɓa tunanin komai a kai ba.

Muna da gonar gado a kan hanyar Ɗanzomo. Tun da Baba ya kwanta, ƙaninsa, wanda muke ce wa Baffa, shi yake nomata, da kaka ya kawo mana rabonmu. Abu biyu ne suka rage wa Baba a gonar nan, kuma yana ji da su ƙwarai. Na farko takin gida: duk bazara, kafin ruwa ya sauka, amalanken shanu yakan zo ya kwashe jujinmu ya kai gona. Ranar Baba yakan sa a juya masa kujera ya fuskanci ƙofa, yana ƙirga sahu da yatsu. Na biyu wani Bafulatani amininsa, wanda tun kafin a haife ni yake sauka da shanunsa a gonar bayan girbi. Shanu su ci kara, su bar taki, shi kuma duk ranar da ya shigo gari ya biyo da ƙwaryar nono. Babu wata yarjejeniya, haka dai aka saba.

Kakar da nake magana a kanta, Baffa ya kawo dammunan gero, aka jibge su a tsakar gida, ya zauna gefen Baba ya sha ruwa. Daga yadda ya ajiye kofin na san da magana a bakinsa.

"Yaya, bana wata ciyawa ta fito mana, ban taɓa ganin irinta ba. Ba ta tsayuwa da ƙafarta, sai ta kama gero ta naɗe shi ta kwantar. Ka sare ta a noman farko, ka dawo maimai ka same ta tana jiranka. In ka tona ƙasa sai ka ga wani ƙululu kamar dankali. Riɗin da na sa a gabas kuwa, wani wurin sai da na haƙura da shi."

Baba ya ce, a hankali, "Daga ina?"

"Daga ina kuwa? Shanun mutuminka. Bara ai har cikin Nijar suka shiga kiwo. Sun ciyo ta can sun zo sun sauke mana. Bana kam ba za su sauka ba, na riga na aika masa."

"A'a," in ji Baba. Ya sake cewa, "A'a." Ya buɗe baki zai ƙara, kalmar ta ƙi zuwa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Yaya, ni nake sunkuyawa a gonar nan. Ka bar ni da wannan."

Inna ta leƙo daga madafi ta ce, "Kai dai kullum da wanda za ka ɗora wa. Bara ka ce mai sayar da iri ne ya cuce ka."

"Matar Yaya, ke da gona sai dai a faifai. Kawo mini fura in kina da ita."

Aka yi dariya, ban da Baba. Ina tuna cewa yayin da Baffa yake wannan magana, wani busasshen fure ya faɗo a kan hularsa, ya kaɗe shi da hannu bai ko duba ba.

Da muka zo sussuka ne na gani. Na kwance wani dami, sai ga wani siririn reshe ya bushe a jikin karan zangarniya, ya naɗe shi kamar an ɗaure da zare. Akwai ɗan ganye guda da bai karye ba. Ƙarami ne, bai kai rabin na rumfarmu ba, amma siffar ɗaya ce, ga kuma zaren nan mai murɗewa. Na ɗaga kai na dubi rumfa, na dubi abin da ke hannuna, na dubi hanyar juji. Na sa shi a bakin zane na ɓoye.

Ban faɗa wa kowa ba a lokacin, don ban tabbata ba. Shuke-shuke masu yaɗo suna da yawa, kuma busasshen ganye yana iya kama da kowane ganye. Ni ba aikin gona na karanta ba. Na ɗauki hoton 'yar Damagaram da waya na bincika, aka nuno mini iri-iri masu kama da ita. Wasu wuraren an rubuta cewa irin waɗannan sukan mamaye ƙasa su kashe abin da suka tarar, amma duk hotunan na garuruwa ne masu ruwa da duhun itatuwa. Ban ga inda aka yi maganar ƙasa mai rairayi irin tamu ba, inda ake wata da watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. Wataƙila a nan rani zai kashe ta da kansa. Wataƙila kuma ƙululun nan da Baffa ya ambata shi ne abin da zai hana ta mutuwa. Duk abin da na karanta, sai ya ƙara mini "wataƙila" ɗaya.

Da abin ya ishe ni, na sami Inna tana tankaɗe, na buɗe mata bakin zanen. Ta duba sau ɗaya ta ci gaba da aikinta.

"Na gani," ta ce. "Tun ranar da Baffanku ya ce ƙululu na gane. Ai na taɓa tono shi a gindin dirka."

"To Inna, ai sai a faɗa."

"A faɗa wa wa? Ki je ki ce wa mutumin nan abin da ya ɗauko da hannunsa shi ya ɓata gonar ubansa? Ko ki ce masa takin da yake ƙirgawa da yatsu guba ne? Me ya rage masa, ke? Faɗa mini abin da ya rage masa."

"Amma an ɗora wa bawan Allah laifin da ƙila ba nasa ba."

"Ƙila. Ke ma kin ce ƙila." Ta buga rariya a gefen ƙwarya. "In an sare ta, ke za ki tsaya masa a kai da bazara? Kin manta yadda ɗakin nan yake zama? Ki bar shi ya sha inuwarsa. Ciyawa ce, fartanya aka yi dominta."

Ba ƙarya ta faɗa ba. Likita ya gargaɗe mu game da zafi. Ɗakin Baba rufin kwano ne, wuta kuwa sai an ga dama ake kawowa. Zana tana tare rana, amma ba ta sanyaya wuri yadda ɗanyen ganye yake yi.

Abin da na iya yi shi ne na daina kai sharar rumfa juji. Na riƙa tara ta daban ina zubawa a murhu. Amma jujin ya riga ya sha ta wata da watanni, tun daga bazarar da ta wuce. Kullum in na wuce shi sai in ga kamar ya ƙara tsawo.

Cikin rani aminin Baba ya biyo wata ranar kasuwa. Ya tsuguna bakin tabarma, ya ajiye sandarsa, suka gaisa doguwar gaisuwa. Ya ce bana sun sauka wajen Gagarawa, a gonar wani mutum, ba laifi, sai dai rijiya da nisa. Bai ambaci Baffa ba, bai ambaci ciyawa ba. Bai zo da nono ba, ya ce shanun ba sa bayarwa. Da zai tashi Baba ya riƙe hannunsa da hagu, ya daɗe bai saki ba, bakinsa yana motsi. Mutumin ya ce, "Ba komai, Alhaji. Wallahi ba komai." Ni ce na kawo masa ruwa, kuma ban iya duban fuskarsa ba.

Ranar na yanke shawarar in gwada, ko don in huta da zargi. Na sami tsofaffin tasoshi biyu. Ɗaya na cika ta da taki daga tsakiyar juji, ɗaya kuma da rairayin da na ɗebo daga bakin titi, don kada in ruɗi kaina, in wani abu ya fito in ce iska ce ta kawo shi. Na ajiye su bayan madafi, na kifa tsohon kwando saboda kaji, ina yayyafa musu ruwa safe da yamma. Addu'ata ita ce kada komai ya fito.

Ta rairayi ba ta fitar da komai ba sai 'yar ciyawa. Ta taki kuwa ta yi kore shar. Na gane gero, na gane zoɓo, na gane tafasa. Akwai wasu kuma da ban gane ba, na ce bari in jira su yi ganye sosai, kada in yi gaggawa. Na jira. Suka yi ganye. Na ce bari in ga ko za su fitar da zare. Wata safiya na ɗaga kwandon, na tarar ɗaya ta miƙa zarenta ta kama bakin kwandon daga ciki, sai da na fizge.

Duk da haka ban yi magana ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa tasa ɗaya ba hujja ba ce, kuma ko da tana cikin takinmu, wannan bai nuna ba ta cikin kashin shanu ba. Na shirya maganar a raina ta fuskoki da yawa, kowacce na fara ta da "Baba, ba wai na tabbata ba ne." Sai in fito in same shi ya jingina, inuwar ganye tana motsi a kan rigarsa, in gaishe shi in wuce.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Tun hantsi ƙasa take ƙona ƙafa, randa kanta ruwanta ɗumi. Ƙarƙashin rumfar nan ne kaɗai ake iya numfashi a gidan, har Inna ta dawo da tsinkar zogalenta nan. Sai Baffa ya aiko cewa bayan kasuwar Maigatari zai turo amalanke. Ya ƙara da cewa a tattara har abin da ke turke, domin bana babu takin shanu, da na gida kaɗai za a dogara, kuma zai baza shi ko'ina, har inda ba a saba kaiwa ba.

Har inda ba a saba kaiwa ba. Wannan maganar ce ta hana ni cin abinci.

Da safe amalanken ya iso, bijimai biyu suna huci a ƙofar gida. Mai amalanken ya shigo da shebur a kafaɗa, Baffa yana biye da shi. An riga an juya wa Baba kujera ta fuskanci ƙofa, ya sa an saka masa hularsa ta fita. Na ji ƙarar shebur na farko ya shiga juji. Ina tsaye bayan madafi. Inna ta dube ni, ta dubi kwandon, ta girgiza kai kaɗan. Na ji na biyu, na ji na uku.

Ban san lokacin da na ɗauki tasar ba. Na dai gan ni durƙushe a gaban Baba na ajiye ta a kan tabarma.

"Baffa, don Allah a ɗan dakata."

"A dakata da me? Rana tana yi, 'yar boko. Wannan kuma mene ne, lambu kika fara?"

Ya sunkuyo yana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ya sa yatsa ya ɗaga ganye ɗaya.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce. Ina kika samo ta? Gonar kika je?"

"Daga jujinmu na ɗebo takin." Muryata ta yi ƙasa har sai da na maimaita. "Ni nake share nan in kai can. Ina jin, wataƙila, ƙwayoyin wannan ne."

Ban nuna sama ba. Baffa ne ya ɗaga kai da kansa. Ya daɗe yana kallon rumfar da ya yi shekara da shekaru yana zama ƙarƙashinta. Ya miƙa hannu ya tsinko ganye, ya ɗora kusa da na tasa.

"Inna lillahi," ya ce. Sannan ya juya wajen Inna. "Matar Yaya, kin san da wannan?"

Inna ta sunkuyar da kai. Mai amalanke ya leƙo daga bayan turke ya ce, "Alhaji, a loda ko a sauke? Shanuna ba sa son tsayuwa." Babu wanda ya kula shi.

Baba bai dubi rumfa ba, ni yake kallo. Ya ce, "Malama."

"Na'am, Baba."

"Ita ce?"

"Baba, alamu dai sun nuna haka, amma tasa ɗaya ce na gwada, kuma ban san ko shanun ma..."

Ya buga hannun kujera da tafin hagu. Ba da ƙarfi ba, amma tun da ya kwanta ban ga ya yi haka ba.

"Ita ce, ko ba ita ba?"

"Ita ce."

"A bar ta," ya tsaya ya nemi numfashi, "ko a sare?"

Na dubi Inna, ta kau da kai. Na dubi Baffa, yana jujjuya ganyen a hannunsa. Na fara cewa ana iya barinta a riƙa tsinke furen kafin ya bushe, ana iya ƙone sharar, ana iya jira a ga damina. Duk na yi tunaninsu a baya, kuma na san inda kowanne ya gaza: furen yana can sama inda hannu ba ya kaiwa, iska tana kai ƙwayar har turke, awaki suna tsinta, kuma ni ba zan dawwama a gidan ina riƙe da tsintsiya ba. Baba ya bar ni na gama kewaye-kewayena. Sannan ya sake tambaya, kalma ɗaya ɗaya, kamar yana ɗaga kaya.

"Ke. Me kika ce?"

Gumi yana bin bayana. A saman kanmu ƙudan zuma suna ta aikinsu. Na san abin da rana za ta yi wa wurin nan da azahar in babu ganyen, na san kuma ba ni ce zan zauna a ciki ba.

"A sare, Baba."

Ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ce wa Baffa, "Sauke." Ya nuna ƙofa.

"Yaya, in an sauke da me zan yi shuka? Babu shanu, babu taki? Ai gara in kai, in ya so in bi ta da fartanya."

"Sauke." Ya numfasa. "Ka je Gagarawa."

"In ce masa me?"

Baba ya dafa ƙirjinsa da hannun hagu. "Ni ne. Ka ce ni ne."

Baffa ya tsaya kamar zai yi musu, sai ya cire hula ya share goshi ya mayar. Ya ce wa mai amalanke ya juye abin da ya ɗora. Mutumin ya juye yana gunaguni, yana cewa shi tun da yake bai taɓa ganin an mayar da taki gida ba.

Na so a bar saran sai ruwa ya sauka, Inna ma ta roƙa. Baba ya ƙi. Ina jin ya san in aka kwana ba za a yi ba. Aka mayar da shi ɗaki, Baffa ya karɓi adda ya sare 'yar Damagaram daga gindi, muka riƙa janyo rassan daga saman rumfa suna turjewa, suna tahowa da ɓawon sanduna. Da muka tona ƙasa muka tarar da ƙululun nan jere-jere, wasu sun bi ƙarƙashin katanga. Inna ba ta taɓa ko reshe ɗaya ba. Ta shiga ɗaki ta zauna tana yi wa Baba fifita, ta bar ƙofa a buɗe, kuma duk saran da aka yi yana ji.

Kafin la'asar aka ɗora sababbin zana biyu a kan rumfar. Inuwa ce, amma busasshiya. Ragowar bazarar nan ita ce mafi tsawo da na sani. Muna jiƙa buhu mu rataya ta gefen da iska ke shigowa, kafin a jima ya bushe ƙamas. Akwai ranar da Baba ya yi shiru fiye da yadda ya saba, idonsa ya yi ja, muka ɗauke shi a Keke Napep zuwa asibiti, aka ƙara masa ruwa. Likita ya ce zafi ne, kuma ana ta kawo tsofaffi irin haka a makon. Na riƙe wannan maganar ta ƙarshe, na yi ta juya ta, amma ba ta ba ni sauƙin da nake nema ba.

Jujin kuwa nan ya zauna har damina, ya yi tsiro, muka bi muka tuge, muka juya shi, ya sake yi, muka sake tugewa. Geron shekarar bai yi kyau ba, Baffa bai ɓoye mana ba, kuma ya daɗe yana kirana mai tasa. Ya je Gagarawa a kan mashin kamar yadda aka ce masa. Bai faɗi yadda suka yi ba. Da kaka dai shanu suka sauka a gonar, wata ranar kasuwa kuma ƙwaryar nono ta shigo gidan, Baba ya sha har ya zuba a riga.

Har yanzu Baffa yana cin karo da ciyawar nan a gabashin gonar, amma ya ce tana raguwa. Ban sani ba ko da an bar ta za ta cinye gonar, ko rani ne zai gama da ita ko ba mu yi komai ba. Babu wanda zan tambaya.

Bazarar da ta biyo baya amalanke ya zo, aka juya wa Baba kujera, ya ƙirga sahunsa da yatsu. Bayan an gama ina zuba masa ruwan alwala, sai na ga wani ɗan tsiro a gindin dirka, daidai inda ruwan yake gangarawa, ganye biyu da zare ɗaya yana laluben abin kamawa. Na ɗago na ga Baba ya riga ni gani. Daga yadda ƙasar wurin take a tattare, ina jin ya kwana biyu yana tura mata ruwa da ƙafarsa mai lafiya.

Na ajiye buta na tsuguna. Ya ce, "Malama."

"Na'am, Baba."

"Ba ta yi fure ba tukuna."

Na ce haka ne, ba ta yi ba. Na ɗauki butar na ci gaba da zuba masa.